Yadda Za A Riƙe Yaro Ba Tare Da An Yi Ta Yawo Da Shi Gida-Gida Ba

Akwai wata yarinya a danginmu da mahaifiyarta ta rasu tana da shekara shida, kuma kafin ta cika tara ta zauna a gidaje huɗu. Ta fara da ɗakin kakarta a Garwa. Da ciwon ƙafa ya kwantar da tsohuwar, kawunta ya tafi da ita Marwa. Da matarsa ta haihu aka ce hidima ta yi yawa, sai aka sa ta a mota zuwa wajen goggonta a Ngaundere, daga can kuma aka dawo da ita Garwa. Babu wanda ya ƙi ta a cikinsu, kuma kowace ƙaura tana da dalilinta mai kama hankali. Amma da ta iso gidanmu sai da ta yi wata biyu ba ta kwance ƙullin kayanta ba. Da shi take matashi da dare, da safe ta ajiye shi bayan ƙofa, domin a saninta kowane gida zango ne. A kanta na gane cewa rashin uwa ko uba babban rauni ne, amma yawan sauya wa yaro hannu shi ne ke hana raunin warkewa.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu a arewacin Kamaru. Ɗan fari yakan tashi a ɗakin kaka saboda kunya, yaro yakan tafi yaye ya zarce, kuma macen da Allah bai ba haihuwa ba 'yan'uwanta sukan ɗauki ɗa su ba ta. Abin da ya canza shi ne nauyin. Tun 2014 da hare-haren Boko Haram suka tsananta a Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, garuruwa irin su Mora, Mokolo da Kuseri suka cika da iyalan da suka baro ƙauyukansu, ban da 'yan gudun hijirar Najeriya da ke sansanin Minawao tun 2013. Rikicin Logone-Birni na 2021 ya tura dubban mutane tsallaken kogi zuwa Cadi, ambaliyar 2024 kuma ta rushe gidaje a Yagwa da kewayenta. Gidan da a da yake riƙe yaro ɗaya yanzu ana kawo masa uku, alhali shi ma da ƙyar yake ɗora tukunya sau biyu a yini.

Kafin a ɗauke shi daga inda yake

Tambayar farko da ya kamata dangi su yi ita ce ko lallai ne yaron ya bar hannun da yake. Sau da yawa uba ne ya rasu, uwa tana raye tana takaba, sai 'yan'uwan mamacin su fara raba 'ya'yan tun ba a share makoki ba, da hujjar cewa ba ta da abin ciyar da su. Buhun dawar da za ka ciyar da ɗan ɗan'uwanka da shi a gidanka, idan ka kai shi ɗakin mahaifiyarsa zai ciyar da shi da ƙannensa, kuma bai rasa uwa bayan ya rasa uba ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ta fi kowa haƙƙin reno, bayanta mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, ciyarwa kuwa tana kan uba ko dukiyar yaron. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 game da yaran da ba sa hannun iyayensu su ma sun bayyana cewa talauci shi kaɗai bai isa dalilin raba yaro da iyayensa ba, alama ce kawai ta cewa gidan yana bukatar taimako.

Idan kuwa babu makawa, to gida ya fi gidan marayu, musamman ga jariri da ɗan ƙasa da shekara uku. A Romaniya, daga shekarar 2000, masu bincike sun bi rayuwar yara 136 da ke gidajen marayu na birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka kai gidaje sun fi sauran kaifin fahimta da magana da shaƙuwa da mai renonsu, musamman waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu. Da aka sake duba su suna da shekara 12, waɗanda suka zauna a gida ɗaya ba a sauya musu ba sun fi natsuwa a kan waɗanda riƙonsu ya katse.

Zaman dangi

Kada a yanke maganar riƙo a ranar zaman makoki. A wannan rana zuciya a karye take, idon jama'a yana kan kowa, kuma mutum yakan ce "na ɗauka" don kunya, bayan wata uku ya fara neman hanyar saukewa. A bar yaran wuri guda, tare da wanda suka fi sabawa da shi, har zuwa sadakar arba'in, sannan a zauna a natse.

A wannan zama, wadda ya fi muhimmanci a ji ta bakinta ita ce matar da za ta yi aikin. Namiji ne yake amsawa a zaure, amma mace ce za ta yi wanka da wanki, ta tashi tsakar dare idan zazzaɓi ya zo, ta raba tuwon da bai isa ba. Na ga riƙo da yawa da suka lalace saboda maigida ya shigo da yaro da yamma ya ce wa iyalinsa "ga ɗan marigayi nan, zai zauna da mu," ba tare da ya taɓa shawartar ta ba. Ya kamata wata dattijuwa ta keɓe da ita ta tambaye ta tsakani da Allah ko za ta iya, a kuma karɓi amsarta ba tare da zargi ba idan ta ce ba za ta iya ba, domin ƙin da aka faɗa tun farko ya fi amsawar da za ta koma riƙon sakainar kashi. A gidan da ke da mata biyu ko uku, a ambaci ɗakin da yaron zai shiga da suna. Yaron da aka ce na kowa ne a gidan kishiyoyi yakan wayi gari babu wadda ta san ko ya ci ko bai ci ba.

A tambayi yaron shi ma, idan ya kai shekarun da zai iya faɗa. Ba shi zai yanke hukunci ba, amma yaro ya san gidan da yake sakewa da gidan da yake jin tsoro, kuma wani lokaci tsoron nasa yana da tushen da manya ba su sani ba. A yi iya ƙoƙari kada a raba wa da ƙane, ko ya da ƙanwa, domin bayan iyaye babu abin da ya rage musu na gidansu na asali sai junansu. Idan gida ɗaya ba zai iya ɗaukarsu duka ba, a nemi gidaje biyu a unguwa ɗaya, inda za su yi makaranta ɗaya su kuma haɗu kullum. Gidan da ba zai sa yaro ya sauya makarantar boko da ta allo ba ya fi gidan da ya fi wadata amma yake wani gari mai nisa.

Kaka takan fi kowa ƙauna da haƙuri, sai dai dole a dubi shekarunta da lafiyarta. Idan ita za a ba, a ambaci tun ranar wanda zai karɓa idan ƙarfinta ya gaza, kuma yaron ya riƙa kwana a wannan gida na biyu lokaci zuwa lokaci, yadda ranar da abin ya faru ba baƙon wuri zai tafi ba.

Abin da aka amince a kai a rubuta shi, ko da a takardar littafin makaranta ne, a gaban liman da jauro ko lawan na unguwa: wane ne mai riƙo, wa zai kawo me, wace dukiya yaron ya gada kuma a hannun wa take. Yana da kyau a sanar da cibiyar kula da jin daɗin jama'a ta yankin, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar jin daɗin jama'a, wato MINAS, musamman idan yaron ba ɗan dangi ba ne, tsintarsa aka yi a lokacin gudun hijira. Ma'aikacin da ya san da zaman yaron a gidanka shi ne zai tsaya maka ranar da wani ya zo ya ce ka sace masa ɗa.

Takardu

Takardar haihuwa, wadda muke kira akta, ita ce farkon abin da za a nema, tun kafin a raba kayan mamaci takardu su watse. Yara da yawa a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa suna kaiwa ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, sannan a gane ba za su iya zana jarrabawar kammala firamare ta CEP ba saboda rashinta, kuma ɗan riƙo ya fi kowa faɗawa cikin wannan rami, domin kowa yana zaton tana hannun wani. Idan wa'adin yin rajista a ma'aikatar magajin gari ya wuce, sai an bi ta kotu a samu hukuncin da zai maye gurbin rajistar. Galibi ana bukatar takardar likita mai kimanta shekarun yaron, da shaidar cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, da mutanen da za su shaida haihuwarsa. A riƙa sauraron sanarwar zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake shiryawa a ƙananan hukumomi, domin a nan abin ya fi sauƙi da araha.

Akwai kuskuren da mutanen kirki suke yi da kyakkyawar niyya, wato su sa sunansu a matsayin uba don sauƙaƙe al'amari ko don kada yaron ya ji daban. Wannan ƙarya ce a gaban hukuma da doka ke hukuntawa, kuma addini ya hana: aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira su da sunan ubanninsu. Ranar rabon gado wannan takarda za ta haɗa 'ya'yanka da shi faɗa, ta kuma iya raba shi da gadon mahaifinsa na gaskiya. Riƙon da Musulunci ya sani, wato kafala, yana ba yaro gida ba tare da an shafe asalinsa ba, kuma sashe na 20 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, ya ambace shi da sunansa. Idan za a yi tafiya da yaron zuwa wata ƙasa, ko za a karɓi wani haƙƙi a madadinsa, kamar fanshon marayu na CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, idan mahaifinsa ma'aikaci ne mai rajista, to sai an nemi takardar wakilci daga kotu. A haɗa da katin rigakafi da sakamakon makaranta a ajiye wuri ɗaya da ruwa ba ya kaiwa, a kuma ɗauki hotonsu a waya a tura wa mutum biyu a dangi.

Watannin farko

A makonnin farko yaro yakan zama kamar baƙo, ga ladabi ga shiru, har a riƙa yabonsa. Bayan wata ɗaya ko biyu sai a ga fitsarin kwance ya dawo ga yaron da ya daɗe da dainawa, ko a tarar da guntun burodi a ƙarƙashin tabarmarsa, ko ya fara faɗa da 'ya'yan gida, ko ya ƙi amsa kira. A nan ne yawancin riƙo yake karyewa, domin mai riƙo yakan ɗauka halin yaron na gaskiya ne ya fito. Alhali yaron ya fara sakin jiki ne, baƙin cikin da ya danne ya samu hanya, kuma yana gwada ko a nan ma za a kore shi idan ya yi laifi. Wanda ya ɓoye abinci yunwa ya taɓa sani, maganinsa kuwa shi ne ya ga abinci yana zuwa a kan lokaci kullum har zuciyarsa ta yarda. Fitsarin kwance kuma duka da tozartawa a gaban yara ƙara shi suke yi. A shimfiɗa leda, a tashe shi sau ɗaya da dare, a rufa masa asiri, idan ya daɗe a kai shi asibiti.

Kalma ɗaya ce nake roƙon kowane mai riƙo ya haramta wa bakinsa, ita ce "zan mayar da kai." A yi masa faɗa kamar yadda ake yi wa ɗan gida, a hana shi abin da ake hana su, amma kada zamansa a gidan ya zama abin da ake yi masa barazana da shi. Ya fi kyau uwar riƙo ta ce, "Abin da ka yi ya ɓata mini rai, kuma za ka gyara shi, amma nan ne gidanku, babu inda za ka." Haka nan gori, ko daga bakin manya ko na yara, a tsawatar a kansa tun ranar farko.

Yara suna auna adalci da ƙananan abubuwa: kwanon da ake zuba musu, wanda ake aika ɗibar ruwa da sassafe, yadin da aka yanka wa kowa na Sallah, wanda ake kai wa asibiti da wanda ake saya wa ƙwaya a shago. Idan aiki ne a raba shi bisa shekaru, idan sutura ce a ɗinka iri ɗaya ko da mai araha ce. Kada a tilasta masa ya kira uwar riƙo da sunan da yake kiran mahaifiyarsa. Ya ce Goggo ko Inna ko abin da bakinsa ya ɗauka, sauran zai zo da kansa. A riƙa ambaton iyayensa da alheri, a nuna masa hotonsu, a sa shi ya yi musu addu'a, idan kuma suna raye amma sun gaza, kada a zage su a kunnensa, domin yaro yana jin zagin iyayensa kamar nasa ne.

Mai riƙo ma yana bukatar riƙo

Wannan shi ne wurin da muka fi sakaci. Ranar da aka miƙa yaro, dangi sukan watse da sanyin zuciya kamar an sauke kaya, a bar gida ɗaya da nauyin da na zuri'a ne gaba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. "Za mu riƙa taimakawa" ba alkawari ba ne da za a iya bin sawunsa, saboda haka a raba nauyin da suna da lokaci. Baffa ya ɗauki kuɗin makaranta a watan Satumba, domin ko da yake an soke kuɗin firamare ta gwamnati tun 2000, akwai kuɗin ƙungiyar iyayen yara da littattafai da kayan makaranta. Kawu mai gona ya kawo buhu idan an girbe dawa ko masakwa. Wanda ke aiki a Duwala ko Yawunde ya riƙa turo wani abu ta waya kowane ƙarshen wata, ko da kaɗan ne, domin kaɗan mai zuwa kullum ya fi mai yawa na sau ɗaya. Matan dangi suna iya ware hannu guda a adashinsu don rashin lafiyar yaron. Masu fitar da zakka su tuna cewa maraya matalauci na cikin dangi yana cikin waɗanda suka cancanta.

A yi amfani da abin da ke akwai kyauta: alluran rigakafi, da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida da damina a Arewa da Arewa Mai Nisa. Yaron da ya sauya gida shi ne aka fi mantawa da shi a irin wannan rabo.

Ban da kuɗi, uwar riƙo tana bukatar hutu da kunnen da zai saurare ta. Yaron ya je hutun makaranta gidan wata innarsa, amma a gaya masa ranar dawowa a kuma cika ta, don kada ya ɗauka an sake sallamarsa. A naɗa mutum ɗaya mai hankali a dangi da zai riƙa leƙowa kowane wata, zumunta a ƙafa take. Ya zauna da mai riƙo ya ji damuwarta ba tare da ya zo da fuskar mai bincike ba, sannan ya ja yaron zuwa shago ko masallaci su yi hira su biyu. Matsalar da aka ji tun tana ƙarama ba ta kai wa ga a ɗaure wa yaro kaya.

Dukiyar maraya amana ce mai nauyi. Gona, shanu, gida ko kuɗi, a rubuta su a gaban shaidu, a ci daga ciki gwargwadon bukatar yaron kawai, a kuma miƙa masa idan ya girma ya yi hankali, a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta tsara. Aya ta 10 kuma ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu cin ta da zalunci. Riƙo shi kaɗai ba ya ba yaro gadon mai riƙonsa, don haka wanda yake so ya bar masa wani abu ya ba shi kyauta tun yana raye, ko ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba.

Dole in faɗi wata magana mai ɗaci game da 'ya'ya mata. Sau da yawa abin da ake kira riƙo neman 'yar aiki ne da ba a biya: 'ya'yan gida suna makaranta, ita tana talla ko reno, da ta fara girma a aurar da ita don a huta. Haka ake tura namiji almajiranci wani gari alhali 'ya'yan maigida suna kwana a gabansa. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba aiki, dokar hukunta laifuka ta 2016 ta tanadi hukunci ga mai aurar da wanda bai kai 18 ba, kuma akwai dokar 2011 kan fataucin mutane. Ko babu doka, wanda ya karɓi 'yar ɗan'uwansa a gaban liman ya san abin da ya yi alkawari. Idan yarinya ta fara tasowa a gidan da samarinsa ba muharramanta ba ne, a gyara wurin kwana, a tambayi malamai hukuncin shayarwa idan an shayar da ita a gidan tana jaririya, a kuma tabbatar tana da mace babba da za ta iya gaya wa komai.

Idan ya zama dole a sauya gida

Akwai lokacin da barin yaro a wuri shi ne cutarwa. Idan an ga tabon duka mai tsanani, ko ana hana shi abinci, ko akwai alamar wani yana lalata da shi, a ɗauke shi a ranar, a kai shi asibiti, a sanar da cibiyar jin daɗin jama'a da jandarma ko 'yan sanda. Rufin asirin dangi ba ya kai darajar yaro.

Idan kuwa dalilin rasuwa ce ko rashin lafiya ko ƙaura, ko kuma an gano iyayensa, kamar yadda ƙungiyar agaji ta Kuros Ruj (Red Cross) ta Kamaru da kwamitinta na ƙasa da ƙasa, wato ICRC, suke taimakawa wajen haɗa iyalan da rikici ya raba, to a bi a hankali. A gaya wa yaron gaskiya da kalmomin da zai gane, a kuma fito fili a ce masa ba laifinsa ba ne, domin yara sukan ɗora wa kansu. Ya fara da yini a sabon gidan, sannan kwana ɗaya, sannan mako, in da hali a jira ƙarshen zangon karatu. Wanda ya riƙe shi ne zai raka shi da ƙafarsa, kada a danƙa shi ga direban mota. Ya tafi da aktarsa da katin rigakafi da takardun makaranta da allonsa, da tufafinsa duka har da waɗanda suka tsufa idan yana son su. Tsohuwar uwar riƙo ta zauna da sabuwar ta gaya mata abin da yake ci da abin da ba ya ci, ciwon da yake yawan damunsa, da abin da yake tsoro da dare, sannan kafin ta tashi ta faɗa wa yaron a gaban kowa ranar da za ta dawo duba shi.